Dalma a Bakin Zare

Kun taɓa ɗauko loma za ku kai baki, hannu ya ce ba ya zuwa? Ku da kuka cika min waya da "Nura ya yi kuɗi ya manta da mu", ku nake tambaya.

Tun bayan ƙaramar salla ban ce uffan ba a shafin nan. Ba girman kai ba ne. Hannun rubutun ne ya mutu.

Ga wanda bai sani ba, karatu ya kawo ni Masar, karatun ya ƙi, na zauna. Ɗan abin da na sani a tsofaffin littattafan bakin titi na tsinta. Sana'ata saƙar darduma, amma ba ta salla ba. 'Yan mitsi-mitsi ne, ba su fi tafin hannu ba, a gidan 'yar tsana ake shimfiɗa su. A wani ɗaki a Ainu Shams muke yi, Alhajin da muke wa aiki ya kwasa ya kai Zamalek, masu hali su saya wa 'yar tsana irin abin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

Zaren siriri ne kamar gashi. Sai an lashi bakinsa yake shiga allura. Hajja Sittana, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da muke aiki tare, ita ta koya min. Ta ce, "Ya waladi, yawu ya fi ruwa, ba ya ɓata launi." Zaren nan kuwa sai mun turmusa shi a wani gari rawaya da Alhaji ke kawowa a leda marar suna, don darduma ta fito kamar ta kaka da kakanni.

Lasa ke nan daga safe har la'asar.

Ciwon ciki ya fara. Murɗa kamar ana matse wanki. Bayan gida ya ɗauke. Na ɗora wa wake laifi.

Sai allura ta fara suɓuce min. Ran nan ina cin abinci, hannun dama ya langaɓe daga wuyansa kamar ganyen da ya sha rana. Ina ce masa tashi, yana kallon ƙasa.

Bashir, ɗalibin da muke ɗaki ɗaya, ya kira abokansa daga Hay el-Sabi' suka yi min ruƙiyya. Na kira Inna a Funtuwa, ta ce, "Nura, wa ka taɓa? Dama na san bakin nan naka sai ya ja maka." Sammu ta ɗauka.

Na je wa Alhaji da hannu a rataye. Ya ce, "Gajiya ce, samari. Ma'alish, yi haƙuri. Ka huta ka dawo."

Asibiti layi ne, daga wannan taga zuwa waccan. Gwajin jini, gwajin fitsari, hoton kai. Kuɗin hayarmu ya tafi a nan, Bashir ya sayar da rigar sanyinsa. Aka ce jinina ya yi ƙasa, ba a san dalili ba.

Sai wata likita ta ce in buɗe baki. Ta ɗaga leɓena, ta daɗe tana kallon wani layi shuɗi-shuɗi a dasashina.

"Me kake sa wa a baki wurin aiki?"

Na ce zare ne kawai.

"Kawo min zaren. Da abin da kuke shafa masa."

Hajja ce ta ƙulle mana garin a gefen mayafi ta fito da shi.

Aka gwada, dalma ce. Gubar da nake ji a rediyo tana kashe yara a wajen haƙar zinare, ita nake ta tanɗa a tsakiyar Alƙahira.

Na ce, "Likita, hannun zai dawo?"

Ta ce, "Jijiya ba ta yin alƙawari."

Aka kwantar da ni. Maganin wanke jini yana shiga ta jijiya, amai yana fita. Fitsarina a roba ana aunawa, ana tsoron ƙoda. Aka ɗaure hannun da wata roba mai tauri don kada ya ƙage a lanƙwashe. Ni da nake zura zare a allurar da ido ke wahalar gani, aka zuba min wake a faranti aka ce in tsinta ɗaya-ɗaya. Na kasa. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Yau hannun yana tashi. Yana riƙe cokali, da shi nake rubutun nan a hankali. Allura kuwa khalas, yatsun rawa suke.

Alhamdu lillahi. Bashir, Allah ya biya ka, ba ni da bakin gode maka. Likita, Allah ya tsare miki naki hannun. Inna, ba sammu ba ne, ki kwantar da hankali.

Masu aikin zare, kada ku lasa. Ku ajiye jiƙaƙƙen soso. Garin da ba shi da suna kada ku taɓa, ku wanke hannu kafin ci. In ciki na murɗa kuma hannu na sanyi, ku yi addu'a, ku kuma buɗe baki ku nemi gwajin dalma.

Ranar Juma'a na leƙa Hajja Sittana. Da hannu biyu take riƙe kofin shayi, yana zuba. Na ce ta bar aikin. Ta ce, "In na bari, jikokina su ci me?"

Alhaji, na tura maka sakamakon gwajin, ka buɗe, ka yi shiru. Na san kana karanta wannan. Kada ka kira ni, kada ka turo min dattawa su ce in yi haƙuri. Ka rubuta a ƙasan nan inda kowa zai gani: ina kake samo garin nan, kuma yau da safe ka miƙa wa tsohuwar nan ledar ko ba ka miƙa ba?