Baba, Na Yi Daidai?

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a shagon da ke manne da na Falalu a kasuwar Dutse, kuma ban tuna satin da ya wuce ba mu yi cacar baki ba. Sana'arsa fassara: ya samo fim na ƙasashen waje, ya ɗora masa Hausa da bakinsa, ya tura wa mutane a waya. Ni kuwa tela ne, kuma keken ɗinki bai san shiru ba. Falanki ne kawai a tsakaninmu. Da ya kunna makirfo sai ya bugi bango ya ce, "Isah, don Allah tsaya." Ni kuma in ce masa ai ba muryarsa iyalina za su ci ba.

Falalu mutumin Taura ne. Ya gama sakandare ya zo Dutse neman aikin gwamnati, ya yi ta zarya har takalminsa ya suɗe, sannan ya haƙura ya sayi tsohuwar kwamfuta. Turancinsa iyakar na karanta rubutun ƙasan fim ne. Inda ya kakare sai ya ƙirƙiro nasa, kuma wallahi nasan ya fi daɗi.

Abin da ya fito da shi wani katun ne na Japan, kashi ashirin da shida. Labarin wani yaro ne da aka ɗora wa tuƙin ƙaton butum-butumi na ƙarfe, wanda ya fi hasumiyar masallaci tsayi. Yaron yana zaune a cikin ƙirjinsa yana kare garinsu daga dodannin da ke saukowa daga sama, yana girma a cikin ƙarfen nan kashi bayan kashi. Falalu ya raɗa masa suna Arzika. Duk sauran muryoyin shi yake yi, har na mata, amma ta yaron ta gagare shi. In ya matse maƙogwaro sai ka ce akuya aka shaƙe. Dole ya kawo ɗansa Misbahu, ɗan shekara goma sha biyu, yaro mai kunya wanda ko gaishe ni zai yi kansa a ƙasa yake. Amma a gaban makirfo sai ya zama wani mutum daban.

Katun ya karɓu har ƙauyuka. Ƙarar kekena ma tana shiga cikin naɗin, yara kuwa suka ɗauka ƙarar injin ƙarfen ce. Na ce to madalla, ashe ni ma ɗan fim ne.

Ranar da suka naɗi kashi na goma sha huɗu ɗinkin Salla ya yi mini yawa. Falalu ya bugi bango ya fi a ƙirga, na ƙi tsayawa. Sau biyar suna sakewa. A ƙarshen wata sakewar, bayan Arzika ya gama maganarsa, sai Misbahu ya juyo da muryar kansa ya ce, "Baba, na yi daidai?" Falalu ya manta bai yanke wurin ba, ya tura wa 'yan mutanen da suka zo ranar. Washegari ya lura, ya yanke, ya goge tsohon. Har da yi mini gori, wai gwani ba ya barin zare a waje.

Suna kashi na ashirin da biyar muryar Misbahu ta fara buɗewa. A kashi na ƙarshe kuwa Arzika ya zama magidanci, ya sauko daga ƙarfen ya koma gida. Falalu ya ce, "Shi ke nan, a jira. In muryarka ta gama buɗewa sai ka yi shi da muryar manya." Daminar nan zazzaɓi ya kama Misbahu. Kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Wanda ya rasu ana binne shi a dawo gida a yi haƙuri. Amma muryar Misbahu ta ƙi binnuwa. Ka shiga adaidaita, tana fitowa daga wayar direba. Ka zauna wurin mai shayi, ga ta. Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci sai muka ji ta daga wayar wani yaro a bayanmu, tar da ita: "Ba zan sauko ba sai na kai ku gida." Falalu ya tsaya cak a tsakiyar titi, sai da na ja hannunsa. Yara kuma ba su daina leƙo shago suna tambayar ina na ƙarshe ba. Ni nake korarsu, wani lokaci har da zagi, Allah ya yafe mini.

Ni ba mai camfi ba ne. Amma akwai ranakun da shagonsa yake kulle da kwaɗo da rana tsaka, ina taka keke, in ji kamar yaro yana karatu ta bayan falankin. In na ɗaga ƙafa sai in ji tsit.

Wata rana Falalu ya ce mini, "Isah, kashi ashirin da biyar nake da su, duk muryarsa ce. Amma ba da ni yake magana ba, Arzika ne yake magana da dodanni. Wuri ɗaya tak ya kira ni, na yanke da hannuna."

Daga nan ya shiga nema. Duk wanda ya kawo waya mai tsohon memori, sai ya duba kashi na goma sha huɗu kafin ya tura masa komai. Ya je Taura, ya bi kasuwannin ƙauye. Shekara biyu yana haka, har aka fara cewa ya taɓu. Ni kaina na taɓa ɗaga masa murya, na ce ya bar yaro ya kwanta.

Bara ne wani makiyayi daga wajen Garki, Mika'ilu, ya kawo mini yadi. Ina gwada shi, wayarsa tana aljihu tana yi, wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. Ƙarar kekena na fara ganewa, tana gudu babu tsayawa, gudun ɗinkin Salla. Na yar da tef ɗin awo na ja mutumin nan har shagon Falalu. Mika'ilu ya ce tun shekarun baya aka tura wa yaransa, bai taɓa gogewa ba.

Falalu ya karɓi wayar ya matsar da naɗin zuwa ƙarshe. Arzika ya gama magana. Sai numfashin yaro, sannan, "Baba, na yi daidai?"

Falalu ya rufe ido. Ashe naɗin bai ƙare ba. Muryar Falalu ta biyo baya a cikin naɗin, a fusace: "Ba ka yi ba. Sake."

Shi ya manta ya faɗi haka, ni ma na manta. Kuma na san fushin nan ba na yaron ba ne, nawa ne, ni da na ƙi tsayar da keke. Wannan abu yana cina har yau.

Bayan kwana biyu na ce masa, "Falalu, ka yanke wurin naka mana, ka bar na yaron. Ai kai ne gwanin yanka."

Ya ce, "Na yanke sau ɗaya, Isah. Ya isa."

Kashi na ƙarshe har yau bai fito ba. Falalu yana nan yana tura wa mutane fina-finai, amma ya daina fassara. Kullum bayan la'asar yakan tura ƙofa ya kunna naɗin nan. Ba ya bugun bango yanzu, ni nake ɗaga ƙafa da kaina. Ina jin yaron yana tambaya, ina jin uban yana saurin cewa, "Ka yi daidai, Misbahu," kafin waccan muryar ta fito. Wata rana yana riga ta, wata rana ita take riga shi.