Hanyar Maɓoya

Gidan Iya, kakata ta wajen uwa, yana Ƙofar Durbi, mu kuma muna Ƙofar Sauri. Da an ba da hutun makaranta sai a kwashe mu a kai mata, mu cika mata gida da ɓarna. Da damina, bayan an ci tuwo, ba ta barin wutar murhu ta mutu. Sai ta jera masara a bakin garwashi, mu kewaye ta a madafa, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Ni ce mai zama jikinta, har tana ce mini ƙawa.

"To, ga wata nan tafe," in ji ta.

"Ta iso mu ji," mu amsa.

Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai ta sa an leƙa zaure an tabbatar ba ɗan maƙwabta a ciki. Wannan labarin Maɓoya ne.

Ta ce can kudu, tafiyar yini guda a mota, akwai wani gari bisa tudu da aka kewaye da ganuwar duwatsu. Wata shekara mahara suka yi masa zobe. Da maza suka ga ba makawa, sai wata tsohuwa mai haƙar farar ƙasa ta tara mata da yara ta fita da su ta ƙofar yamma. Suka gangara wani kwazazzabo mai zurfi, suka bi ta cikin ruwan rafi don kada a ga sawu. Suka wuce kwanar rafin ta ɗaya, ta biyu, a ta uku sai ga tsamiya ta tsiro a jikin dutse. Bayanta akwai wata kafa da sai an rarrafa. Ciki kuwa koguna ne farare tas, ɗaki bayan ɗaki. Nan suka zauna har mahara suka gaji suka tafi. Wasu sun mutu a ciki an binne su, a ciki kuma aka haifi kakar Iya.

"Sau ɗaya aka kai ni, ina kamar ke," ta kan ce mini. "Wurin ya rufa mana asiri, mu ma sai mu rufa mashi. Ba a faɗa wa bare hanya, ko da miji ne. In Allah ya yarda sai na koma na gaida mutanena kafin in mutu."

Na haddace labarin nan kamar karatun allo. Ina alfahari da hakan ƙwarai, kuma alfaharin ne ya kai ni ya baro.

A shekarun ne kuɗin man fetur suka shigo gari. Ko'ina gini ake, siminti ya yi wuya, Babana kuma ya bar aikin gwamnati ya koma kwangila. Tsakaninsa da Iya kunya ce ta suruki, daga zaure yake durƙusawa ya gaishe ta ya juya. Wata rana da hantsi ya kira ni cikin sabuwar motarsa, ya zaunar da ni gaba, wurin da ko yayyena ba su taɓa zama ba.

"Binta, an ce kin fi kowa iya labarin Iya. Yi mini shi mana."

Na ce, "Baba, ai ba a yi da rana. Kuma ta ce ba a faɗa wa kowa."

Ya yi dariya. "Ni ne kowa? So nake in kai ta can, in ba ta mamaki. Yaya zan kai ta ban san hanya ba? Ummanku ta ce ta manta. Ko ba ki son Iya ta je?"

Wallahi ina so. Na zayyana masa komai, yana rubutawa a bayan wani ambulan. Ya sa na maimaita ƙofar yamma da kwanar rafi ta uku, ya tambaye ni sau biyu ko Iya ta ce dutsen fari ne sosai. Ya ce kada in gaya wa kowa, kada in ɓata mamakin.

Shekara ta zagayo ba a kai Iya ba. Wata shekarar ma ta kama hanya. Ni kuwa kullum ina zuba ido, ina murmushi ni kaɗai in ta ambaci wurin. Da ƙafafunta suka fara kumbura sai ta ce ba za ta ƙara jiran kowa ba. Ta sa Umma ta rako ta, ni ma na nace aka tafi da ni, a motar haya.

Mun yi shirin doguwar tafiya a ƙasa, amma ba mu yi ta ba. Sabuwar hanya muka tarar, an share ta da katafila, ta bi ta gefen tudun. Ganuwar saura ɗan guntu, an kwashe duwatsun an cike ramukan hanya da su. Kwazazzabon yana nan, zurfinsa har jiri yake sa mutum, sai dai ruwan ya koma kamar kunu. A kwana ta uku babu tsamiya, babu kafa. An fasa dutsen da nakiya, tifa-tifa suna lodi. Na gane rubutun da ke goshin ɗaya daga cikinsu, don kullum ina ganinta a ƙofar gidanmu.

Iya ta ƙarasa wajen wani dattijo mai gadi, suka gaisa a tsanake kamar ba abin da ya faru. Sannan ta ce, "Malam, mutanen da ke ciki fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, an ga ƙasusuwa. Mu leburori muka tara su muka rufe can gindin wancan dutsen. Iyakar abin da muka iya ke nan."

"Wa ya nuna maku wurin?"

"Alhajin mai aikin, da takarda ya zo. Daga ƙofar yamma ya fara, yana ƙirga kwanar rafi."

Iya ta juyo ta kalli Umma, wani irin kallo da ban taɓa gani ba. Umma ta fara rantsuwa tana kuka. Ban iya jurewa ba, na ce ni ce, na faɗi yadda aka yi. Iya ta dafa kaina.

"Ke mi kika sani, ƙawa? Kama ni mu je mu gaida su."

Ta zauna kan tsakuwa ta yi musu addu'a, ƙurar lodi na sauka a kan mayafinta.

Da muka dawo na tari Baba da maganar. Ko fushi bai yi ba. Ya ce, "Tatsuniya fa ce, Binta. Dutse ne Allah ya ajiye, in ban ɗiba ba wani zai ɗiba." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Iya ba ta daina ce mini ƙawa ba, ba ta kuma daina gasa mana masara ba. Amma ƙannena da suka taso bayan nan ba wanda ya taɓa jin labarin Maɓoya daga bakinta har ta rasu.

Yau na girmi Iya ta wancan lokacin. Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne a riƙe baki, na kuma daɗe ina tsine wa nawa. Sai da na haifa na gane ba a nan ciwon yake ba. Ba alewa aka ba ni ba, ba tsorata ni aka yi ba. Baba ya rasu, ina yi masa addu'a kamar yadda ya wajaba a kaina, amma har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi. Mu shida ya haifa. Ya dube mu duka, ya zaɓi wadda ta fi son tsohuwar.