Kalangun da Ya Makara

A shekarata ta biyu a Dubai ina aiki a wani ɗan sitidiyo cikin sito a Al Quoz, bango ɗaya da garejin masu walda. Yawancin aikinmu waƙoƙin biki ne na 'yan kasuwarmu masu aika kaya gida. Ni ke haɗa sauti a kwamfuta, maigidana shi ke magana da masu kawo aiki.

Wani Alhaji ya ce waƙar auren ƙaninsa sai da kalangu na gaske, ba na inji ba. Aka yi ta cigiya har aka samo wani mutumin Damagaram da ke dako a Jebel Ali. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Yaya nake ce masa. Ya zo ranar hutunsa, kalangun a naɗe cikin tsohon bargo. Ya ce gidansu gidan kiɗa ne, amma tun da ya zo ƙasar nan a ɗaki kawai yake taɓawa, a hankali, kada ya dami abokan kwana.

Na sa masa abin ji a kunne, muka ɗauka. Lokacin da yake kaɗawa ban ji aibu ba, har mawaƙin da ke rera waƙar yana gyaɗa kai. Sai dai ƙarar injin yankan ƙarfe na maƙwabta ta shiga makirfo, na ɗora wa layin kalangun manhajar tace hayaniya. Da muka kunna duka tare, kalangun ya riƙa zuwa a bayan murya. Kaɗan ne, amma kunne yana kamawa. Aka sake ɗauka, ba ta canja ba.

"Malam, dako ya kashe maka hannu," in ji maigidana. "Khalas, shi ke nan, mu sa na inji."

Yaya ya dubi tafin hannunsa da ya yi kanta. "Patron, a ƙara min sau ɗaya."

"Alhaji na jira."

Ya naɗe kalangunsa, ya yi mana sallama, ya fita cikin rana neman bas.

Sai daga baya, ina haɗa wata waƙar daban, na gane abin da ya faru. Duk manhajar da aka ɗora wa sauti tana ɗan riƙe shi kafin ta sake shi, mai tace hayaniya kuwa ta fi kowa riƙo. Akwai saitin da ke auna wannan jinkiri, ya tsayar da sauran layukan su jira, kowa ya fito tare. Da aka sabunta kwamfutar, saitin ya mutu, ba wanda ya lura. Na buɗe tsohon aikin na kunna shi. Kalangun ya zauna daram a kan murya, yana amsa wa mawaƙin kamar tare suka tashi.

Na kira maigidana ya saurara. Ya ji rabi ya ce, "Ya yi daɗi. Amma an gama biki, me kake so in yi?" Na ce ko waya ya yi wa Yaya. Ya ce ni in yi, ai ni ne mai kwamfuta.

Na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Ranar Lahadi na je har kam ɗin ma'aikata inda suke kwana, na same shi yana wanki a bokiti. Na ce masa na zo da waƙar nan ya ji. Ya goge hannu ya karɓi abin jin. Ya saurara har ƙarshe, idonsa a ƙasa.

"Ƙanena, ka iya aiki," ya ce. "Ka matso min da shi wurin da ya kamata."

"Wallahi Yaya, ban taɓa kiɗanka ba. Haka ka kaɗa. Injin ne ya makara."

"Inji yana makara?"

Na yi masa bayani iya iyawata, har ina zane da yatsa a kan siminti. Yana gyaɗa kai irin na wanda ba ya son ya kunyata baƙo.

"Ni da kunnena na ji ranar, a gaban mutane," ya ce. "Merci. Allah ya saka da alheri."

Na tambaye shi ina kalangun, ko za mu sake wani aikin. Ya ce ya ba wani direba da ya tashi komawa gida, ya kai wa ɗan wansa. Ya tambaye ni ko na ci abinci, sannan ya koma kan wankinsa.

Na tura masa waƙar a waya duk da haka. Ban san ko ya sake kunnawa ba. Bayan 'yan watanni lambarsa ta daina shiga.