Ruwan Malama Knarik

Malama Knarik a gaban allo ta tsufa. Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu na kan duwatsun Lori, in dai ya iya rubuta sunansa da baƙaƙen Armeniyanci, to ta hannunta ya bi, kuma kunnensa ya sha murɗa. Salonta ɗaya ne tun tana budurwa. Za ta shigo aji da burodin lavash a naɗe cikin tsumma da ɗan tulun ruwa, ta ɗaga burodin ta ce "hats", ta nuna ruwan ta ce "jur", ta ce duk abin da ake kira ya amsa ko a nuna shi da yatsa, suna ne. Sai yara sun ƙoshi da sunaye take shiga wakilin suna. Ta dafa ƙirjinta, "yes", wato ni. Ta nuna yaro da alli, "du", wato kai. Sannan ta ware hannuwa ta tattaro ajin kaf, "menk", wato mu. A da sai ta juya hagu ta juya dama kafin ta gama tattaro su.

Tana da aiki na biyu da ba wanda ya ɗauke ta. Idan mutum zai yi tafiya, ai sai an watsa ruwa a bayan motarsa don ya dawo gida, kuma gari ya yarda hannun Malama ne mai albarka. Lokacin da maza ke zuwa Rasha aikin gini su komo kafin dusar ƙanƙara, duk wanda ta watsa wa ruwa sai ya dawo, wani ma har da haƙorin zinariya. Daga baya suka koma dawowa don kwasar mata da yara. Ita tana watsa ruwa, gidaje suna rufewa, abin takaici.

Ƙarshe makarantar ta koma yarinya ɗaya tal, Shoghik, 'yar Gurgen makaniki. Sauran malamai tuni suka watse. Hukuma kuwa ba ta ɓoye ba: ranar da yarinyar ta bar gari, ranar za a sa wa ƙofar kwaɗo.

Da labari ya iske Malama cewa Gurgen na haɗa kaya, ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi gidansa. Ta same shi yana ɗaure katifa a kan mota.

"Gurgen, mara kunya, ashe da gaske ne?"

"A'a, Malama Knarik ce? Sannu da zuwa. Hranush, ɗora wa Malama kofi!" ya ƙwala wa matarsa kira.

"Riƙe kofinka. Yarinyar nan yanzu-yanzu kanta ya fara buɗewa. Ka bar mini ita ta ƙarasa shekara, ga ɗaki nan a gidana ba kowa."

"Haba Malamata, uwarta za ta yarda? Ni kuma motar wa zan gyara a nan? Gari ya rage ke da awaki da tsoho Vachik, shi ma jaki gare shi."

"A Krasnodar, can Rasha, wa zai koya mata? Kwana kaɗan za ta kira ni a waya ta kasa ce mini ina kwana da harshen ubanta."

"To ni da kika koya wa, ba ga ni ƙarƙashin mota ba? Abin da na samu kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo." Ya yi dariya, ya ga ba ta taya shi ba, ya sassauta murya. "Gobe da safe za mu tashi. Ki zo ki watsa mana ruwa."

"Ba zan watsa ba. Na gaji da shayar da titi. Ƙarya kuke yi mini, ba mai dawowa."

Gurgen ya ɗauka faɗan tsofaffi ne. Washegari ta zo kam, amma hannu a rungume, babu tulu. Su kuma ba su tanadi ko kofin ruwa ba, sun kulle gida, don tun da suka yi wayo ba su taɓa ganin wani ya yi aikin nan ba sai ita.

Shoghik ta ruƙunƙume ta, ta leƙa bayanta. "Malama, ina tulun?"

"Shiga mota, 'yata. Kar ki yar da abin da na koya miki."

"To in ba a watsa ba, ba za mu dawo ba ke nan?"

"Ke, shiga mu tafi!" in ji uban, ransa a ɓace.

Mota ta tashi. Yarinyar ta manna fuska a gilashin baya, ba ta ɗaga hannu ba, jira kawai take yi. Nan zuciyar Malama ta karye. Ta ruga famfon bakin coci da gudun da gwiwoyinta suka manta, babu kwano babu gwangwani, ta tara tafin hannu biyu ta ɗebo. Ruwan ya yi ta zurara tsakanin yatsunta. Kafin ta kai titi motar ta sha kwana, abin da ya saura ɗan danshi ne. Ta yarfa shi a kan sawun taya, ba wanda ya gani sai jakin Vachik.

Ran Litinin mutumin hukuma ya zo da kwaɗonsa. Shoghik ba ta dawo ba. Mun yi ta gaya wa Malama cewa waɗanda ta jiƙa wa titi ma ai ba su dawo ba, amma har yau ba ta yarda ba. Takan ce su waɗancan sun san an watsa musu.