Minti Huɗun da Suka Rage na Garba Tela

Shekara ashirin da uku ke nan da muka kai Garba Tela makwancinsa, kuma sai a bana danginsa suka gano cewa abin alfahari ne. Na ga fostar a jikin bangon da ke kallon shagona a Ƙofar Galadima. Hotonsa ne na ƙuruciya, an wanke shi da kwamfuta har ya yi haske kamar ba shi ba, a ƙasa an rubuta wai gwarzon kiɗan jaz na Zazzau, za a yi taron tunawa da shi a wani otal. Cikin manyan baƙi har da yayansa, Alhaji Mudi. Na cire tabarau na goge, na sake karanta sunan. Shi ne dai.

Ni mai gyaran rediyo ne, sana'ar da ita ma ta kusa bin Garba kabari. Tare muka tashi a unguwa ɗaya cikin birni. Gidansu gidan malamai ne, irin wanda ake cire takalmi tun daga bakin zaure. Shi ya koyi ɗinkin babbar riga, kuma da ita ya ciyar da iyalinsa har ya mutu. Amma a makarantar da ya yi a Wusasa wani malami ya ɗora masa saksofon a hannu, wannan abin busa na tagulla mai lanƙwasa da mutanenmu ke kira algaitar Turawa, daga nan bai sake rabuwa da ita ba. A gidansu ba a ambaton wannan. In baƙo ya tambayi Alhaji Mudi ƙannensa nawa, sai ya lissafa su, in ya zo kan Garba ya ce tela ne, ya sauya magana.

Lahadin ƙarshen kowane wata, bayan sallar la'asar, Garba zai naɗe saksofon cikin turmin shadda kamar mai kai wa wani ɗinki, ya ɗaure a bayan keke, mu bi lunguna mu fita ta ƙofa mu nufi Wusasa. Ni kuma rikodata ce a kwandon gaba. A wani zauren taro na makaranta suke haɗuwa su huɗu: shi, da Bulus mai buga piyano a coci, da wani Bayarabe daga Sabon Gari mai babbar jita, da mai ganga. Masu sauraro ba su fi cika benci shida ba, malaman makaranta da nas-nas da 'yan jami'a. Kafin kiran magariba an tashi, don Garba ba ya wasa da jam'i.

Wanda bai taɓa zama a gaban masu jaz suna yi ba, da wuya in iya gamsar da shi. Sukan ɗauko waƙa ɗaya da kowa ya sani, su bi ta tare sau ɗaya, daga nan sai a sakar wa mutum ɗaya fili ya faɗi abin da ke ransa da kayan kiɗansa, sauran suna riƙe masa ƙasa. Ba a rubuce yake ba, kuma ba za a sake yin irinsa ba ko da su ɗin ne suka dawo wata mai zuwa. In aka sakar wa Garba, yakan rufe ido ya fara a hankali kamar mai neman magana, sai can ka ji ya karkato da sautin ya koma na algaitar da muka tashi muna ji, ko kiran 'yan tallar fura a lungunmu. Bulus zai ɗago kai ya yi murmushi, ya mayar masa da amsa. Na sha ganin Garba ya yi kuskure, ya taɓa inda bai kamata ba, maimakon ya ɓoye sai ya maimaita kuskuren sau uku da gangan har ya zame masa hanya. A nan mutanen benci kan ɗaga hannu, wata tsohuwar nas kuwa takan share hawaye da bakin mayafi ba tare da kunya ba.

Yanzu in na je biki, na ga yaro ɗaya ya jona waya da amsa-kuwwa ya danna maɓalli, ganga da sarewa da murya duk suna fitowa daga cikin akwati ba wanda ya yi gumi, nakan tuna Garba. Na san abin da zai ce, don ya faɗa tun lokacin da piyanon lantarki mai kiɗa da kansa ya fara shigowa. Cewa ya yi kiɗan da ba zai iya yin kuskure ba, ba shi da abin da zai gaya masa. Ban ce yaran yanzu ba su da basira ba. Ba a koya musu sauraren juna ba ne, kuma waɗanda ya kamata su koya musu an binne su da ransu tun kafin su mutu.

Kaset talatin da ɗaya na ɗauka a cikin waɗannan shekaru. Kowanne na rubuta wata da shekara a jikinsa da jan biro, sannan na karya 'yan kunnuwan roba biyu da ke samansa. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san dalili: in ka karya su, maɓallin ɗauka ba zai dannu ba, ba wanda zai goge abin da ke ciki bisa kuskure. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Garba, ya kai ba ya iya busa ko kyandir, sai na kwashe kasusuwan duka a kwali na kai masa ɗaki don ya riƙa ɗebe kewa. Ban ajiye ko ɗaya a wurina ba. A raina ai zai tashi.

Bai tashi ba. Da aka zo rabon gado, malaman gidan suka ce kayan kiɗa ba sa shiga lissafi. Ban yi musu ba, fagensu ne. Amma abin da ba ya shiga gado ai ana iya miƙa wa Bulus, wanda ya zo gaisuwa ya zauna a ƙasa a bakin zaure kwana uku. Alhaji Mudi bai yi haka ba. 'Yan gwangwan ya kira suka ɗora saksofon a sikeli tare da tsohon murhu da ƙarfen gado. Bayan sadakar arba'in na je na roƙi kasusuwana, ya ce in kwantar da hankalina, za a yi abin da ya dace da su.

Ga wurin da na fi jin kunyar faɗa. Ana saura 'yan kwanaki azumi, Alhaji Mudi ya zo shagona da rediyonsa a hammata, ya ce maɓallin ɗauka ya ƙi dannuwa. Ina cikin wani aikin, ko ɗago kai ban yi sosai ba. Na ce rediyonsa lafiya lau yake, kaset ɗin ne aka karya wa kunne, ya sami salatif ya toshe ramukan zai ɗauka. Ya ce Allah ya yi albarka, ya tafi. Ban tambaye shi wane kaset ba ne. Ni da na kulle ƙofar, ni na nuna masa yadda ake buɗe ta, ko sisi ban karɓa ba.

Bayan Sallah aka fara raba kasusuwan tafsirin azumi a unguwa, gida-gida, sadaka ce don ladan ya kai ga marigayi. Aka kawo mini nawa. Na juya shi, sai na hango jan birona yana leƙowa ta ƙarƙashin sabuwar takardar da aka manna. Na zauna a kan bencin shago da shi a hannuna. Mako biyu na yi ina bin gidaje ina roƙon a ara mini, mutane suna yaba mini son karatu. Ashirin da shida na samo. Na saurare su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya. Duk an cike su har ƙarshe, sai guda ɗaya, inda malamin ya rufe karatun ranar da wuri, aka kashe rikoda saura minti huɗu zaren ya ƙare.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ina faɗa da tafsiri. Ni ma kowane azumi ina zaune a gaban malam, kuma malamin da muryarsa ke kan kaset ɗin bai san hawa ba bai san sauka ba. Faɗana da wanda ya wuce masu sayar da sabon kaset a kowace kusurwa ta kasuwa, ya zaɓi na ƙaninsa. Na yarda a zuciyarsa yana ganin wanke Garba yake yi. Sai dai bai taɓa zuwa Wusasa ko sau ɗaya ya ji abin da yake wankewa ba. Shekara ashirin da uku muna haɗuwa a masallaci da jana'iza, muna gaisawa, bai taɓa ce mini komai a kai ba, ni ma ban ce ba.

Makon jiya sai ga ɗansa Nazifi a shagona, cikin mota mai sanyi. Shi ne mai shirya taron. Ya yi karatu a waje, a can ya ga manyan mutane suna sa kwat su biya kuɗi don su saurari irin abin da ƙanin mahaifinsa ke ɓoyewa cikin shadda. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce Baba Bulus ne ya gaya masa akwai sauran kaset. Ya ce gidansu dama can gidan fasaha ne, sai na dube shi har ya sunkuyar da kai. Sannan ya faɗi buƙatarsa: in ba shi kaset ɗin a juye a waya kafin ya lalace, a yanke karatun da ke gaba, a bar kiɗan kawai a sa wa manyan baƙi.

Na ce, "Nazifi, ka san wanda ya ɗora karatun a kai?"

Ya ce, "Baba, abin da ya wuce ya wuce. Alhaji ya tsufa, kuma shi da kansa ya amince zai zo taron."

Na ce ya je ya gaya wa mahaifinsa zan bayar, amma ba a yanke ko daƙiƙa ɗaya ba, kuma ba a otal za a fara ji ba. Sharaɗina shi ne Alhaji Mudi ya zo nan shagon bayan la'asar, ya zauna a bencin da na zauna ranar da aka kawo mini sadakar. In sa kaset daga farko, ya saurari minti arba'in da ɗaya da ya ɗora da hannunsa, sannan ya ji abin da ya rage na ƙaninsa. In ya yi haka, su tafi da shi su juye a duk wayar da suke so.

Bulus bai goyi bayana ba. Kowace shekara a irin makon da Garba ya rasu yakan hau a-daidaita-sahu daga Wusasa, mu rufe ƙofar shago mu saurari kaset ɗin tare. Bana da muka gama ya ce mini zaren ya fara ja, ya ji da kunnensa, kuma kowane sakawa yana cin wani abu daga ciki. Ya ce kiɗan nan na Garba ne, ba na fushina ba, in na mutu da shi a aljihun tebur to na ƙarasa aikin Mudi ke nan. Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na san ina wasa da abu ɗaya tilo da ya rage. Amma na kasa yarda a sa wa mutumin nan kiɗan ƙaninsa a goge tas, yana kan kujerar manyan baƙi ana tafa masa, kamar kyauta ce ya adana wa Zazzau.

Me ya saura na Garba? Rigunan da ya ɗinka sun tsufa, an yi tsumma da su. Saksofon ta narke ta zama murfin tukunyar wani. 'Ya'yansa mata sun yi aure nesa, ba su taɓa jin ya busa ba, don bai taɓa busawa a cikin birni ba. Sai waɗannan minti huɗu. Malam ya shafa fatiha, a ji ƙarar maɓalli, sai Garba ya faɗo a tsakiyar numfashi, yana can sama yana lanƙwasa sauti irin na algaita, Bulus yana binsa a baya, wani a benci yana tari. Ya sauko a hankali, ya kuskure wani wuri, ya tsaya. Sai a ji dariyarsa, da muryarsa yana cewa, "Bulus, tsaya, mu sake ɗaukowa daga farko." A nan zaren ya ƙare.

Taron nasu saura kwana tara. Na share bencin, na sa wa rikoda sabon batir. Daga gidan Alhaji Mudi zuwa shagona bai kai tafiyar minti huɗu ba, ko da sanda, kuma har yau bai zo ba.