Maganin Tarina Ya Zaga Unguwa

Kafso ashirin da ɗaya likita ya rubuta mini, uku kullum har kwana bakwai. Guda shida ne suka shiga cikina. Sauran kuwa, mai neman su sai ya bi unguwarmu gida-gida, ya kuma leƙa akurkin kajin mijina.

Bandar kifi ce sana'ata. Masunta su fito da shi daga dam, in saya a bakin ruwa, in gyara, in kanga shi a wuta, ranar kasuwa in kai Kafin Maiyaƙi. Wadda ta yi shekaru tana shaƙar hayaƙi ba ta tsayawa sauraren ɗan tari, don haka da ya fara, da kakar bara waccan, ko kula shi ban yi ba. Sai da ya haɗo da zazzaɓi, ƙirjina ya riƙa ƙara kamar ana jan buhun gyaɗa a ƙasa, sannan na hau babur na tafi asibiti a Tudun Wada.

Likitan sa'an ɗana na biyu ne, siriri, mai sanyin murya. Ya ɗora mini abin sauraren nan nasu a baya, ya ce in ja numfashi, ya yi rubutu. Da ya miƙo katin sai na tsaya ina duba shi.

Ya ce, "Mama, kina karatu ne?"

Na ce, "Ina yi. Naka rubutun ne dai, da malamarmu ta gani sai ta sa ka sake."

Ya yi dariya, ya ce, "To alhamdu lillahi, yau na huta da dogon bayani. Ki shanye shi duka, ko kin ji sauƙi kada ki tsaya. In sati biyu ya wuce tarin bai tafi ba, ki dawo ki same ni."

Na gyara zama na ce, "Likita, ai ni ce nake gaya wa mutane haka a unguwarmu."

Kuma ba ƙarya na yi ba. Na haura arba'in kafin in shiga ajin manya, na yi shekara uku ina naɗe ƙafafuna a bencin da aka yi don 'yan firamare. Tun daga ranar da na iya haɗa baƙi, babu ledar maganin da ke shiga unguwarmu ba a kawo mini ita ba. In karanta, in kuma ɗora da faɗa kyauta. Na sha tsare mace a bakin rijiya in ce, "Ke, an ce kwana biyar, kin yi biyu kin ajiye, kin fi likitan sani ne?" Ana tsoron bakina, ni kuma ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Sai dai unguwar tamu tana da nata hali. Iyayenmu tare aka taso su lokacin da ruwan dam ya ci tsohon garinmu, tare aka zube su a nan babu komai, sai abin da wannan ya ara wa wancan. Tun daga nan ba a cewa babu a tsakaninmu. Gishiri, garwashi, turmi, zanen zuwa biki, duk na kowa ne. Wanda ya hana, to ba a zaginsa ma, kallonsa kawai ake yi, kallon da ya fi zagi.

Shugabar wannan doka ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ita ta goyo ni ina jaririya ranar tashi, kuma duk sanda take son wani abu a hannuna sai ta tuna mini. A labarinta na farko ruwan a idon sawu yake. Da na yi aure ya kai ƙugu. Yanzu yana wuya, tana iyo da ni a ka. Alhali duk tsofaffin unguwa sun san a babbar mota aka kwaso su, ƙasa a bushe ƙayau, har da tukwanensu.

Kwana biyu da fara shan magani zazzaɓi ya sauka, 'yan dubiya suka cika mini ɗaki. Kowace da nata asibitin a baki: wannan zuma da citta, waccan man shanu da tafarnuwa, wata ta rantse da sassaƙen da ya warkar da kakarta, kakar da duk mun san tari ne ya kai ta kabari. Gwaggo kuwa idonta na kan ledar maganin da ke bisa kwanukana. Da aka ragu sai ta miƙa hannu ta ɗauko.

Ta ce, "Wannan ai na asibiti ne na gaske, ba irin na kemis ba. Ba ni biyu in gwada wa gwiwar nan."

Na ce, "Gwaggo, na ƙirji ne."

"To gwiwar a jikin wa take? Magani in ya shiga ciki ai shi ya san hanya."

"An ce in shanye duka."

"An ce! Wa ya ce? Yaron da ko haihuwar uwarsa ba a yi ba ranar da na ɗauko ki a ruwa? Ke ga ki nan zaune garau kina ta surutu, ni ko ruku'u ba na iyawa."

Na ɓalle biyu na ba ta. Na ce a raina biyu ba za su rage komai ba. Ni da nake tsare mutane a bakin rijiya.

Washegari aka yi suna a maƙwabta, Gwaggo ta shiga tsakiyar mata ta taka rawa, ta sanar da duniya cewa kafson 'yar ɗan'uwanta ya miƙar mata da gwiwa. Kafin la'asar ƙofata ta zama tagar ba da magani. Maƙwabciyata ta zo da kumatu a kumbure, haƙori. Wata ta zo wa mijinta, ƙayar tarwaɗa ta soke shi a tafin hannu. Wata kuwa lafiyarta ƙalau, ta ce a ba ta ɗaya ta ƙulle a bakin zane saboda wata rana. Gwaggo ta dawo wa ɗaya gwiwar. In ka ba wa ta farko, da wane baki za ka hana ta biyu? Huɗun ƙarshe na ɓoye a cikin kwanon tuwo, na dawo daga bakin ruwa na tarar da Malam, mijina, tsugune yana farke su a ruwan kaji.

Na ce, "Malam, me nake gani haka?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Gyangyaɗi suke yi tun jiya. Ke ai kin warke."

Ban warke ba. Sati bai cika ba tarin ya dawo, ya shimfiɗa tabarmarsa ya zauna. Sati biyun da likita ya yanka mini ya wuce, na huɗu ya wuce, aka shiga na shida. A kasuwa sai in juya baya in cusa fuska a hijabi in yi ta yi. Wata rana wata mata ta gama zaɓen karfasa masu kyau, na buɗe baki zan yi magana sai tari ya riga ni. Ta ajiye kifin a hankali kamar ƙwai, ta goge hannu, ta matsa gaba. A unguwa kuwa aka fara raɗa cewa ko tarin fuka ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, waɗanda suka haɗiye mini magani su ne suka fara jan tabarmarsu nesa da tawa. Mai haƙorin nan har da zuwa gidana da kofinta.

Na san abin da ya kamata in yi, ai ba jahila ba ce ni. Ba allura nake tsoro ba, ba kuma hanyar ba. Tambaya ɗaya ce nake gudu: kin shanye? In na faɗi gaskiya, matar da ta gyara zama ta ce ita ke koya wa mutane ta zama abin dariya a gaban sa'an ɗanta. Na yi tunanin in bar katin a gida in tafi Bebeji ko Doguwa inda ba a san fuskata ba. Sai na tuna can ma abin da za a fara tambaya ke nan: kin sha wani magani? Duk likitocin nan kamar uwa ɗaya ta haife su.

Malam ya ce, "Ki ce kin shanye mana. Wa zai buɗe cikinki ya duba?"

Gwaggo ma ta zo da tata shawarar, tana ɗingishi, don gwiwar ta koma gidan jiya. Ta ce, "Ke 'yar nan, zaman me kike yi? Ki koma mana. In kin shiga ki yi masa tarin sosai, har da riƙe ƙirji, ki ce wancan bai isa ba a ninka. Mutane na nan suna jira."

Wallahi saboda wannan maganar kaɗai na ƙara sati guda ban je ba. Na ce in ga wanda zai sha magani da ƙirjina. Haka na zauna ina hukunta Gwaggo da tarina, ita tana cin goronta lafiya lau.

Hawan bakin ruwa ne ya raba gardamar. Akwai ɗan tudun da nake haurawa da daro a ka tun ina amarya, ina haurawa ina ba da labari. Ran nan da hantsi sai da na sauke daron sau biyu kafin in kai sama. A na biyun na durƙusa na yi tari har duniya ta yi mini duhu, na tofar, na ga zaren jini a cikin kakin. Na daɗe ina kallonsa. Na rufe shi da ƙasa da ƙafata, na bar kifin a gida ko gyarawa ban yi ba, na ɗauki kati na tare ɗan acaɓa.

Likita ya gane ni tun daga ƙofa. Ya ce, "A'a, Mama mai karatu! Sati biyu muka yi da ke, yau ga shi ana neman wata biyu. Kin dai shanye maganin ko?"

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Tas."

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya saurari bayana ya daɗe, ya ɗora ni a sikeli, ya tambayi jini, ya tambayi gumi, ya tambayi ko akwai jikoki da ke kwana a ɗakina. Sannan ya jawo wata takarda daban, doguwa, ya fara rubutu yana magana a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ba a so ya firgita. Ya ce maganin da ya ba ni mai ƙarfi ne, tunda an sha shi daidai bai yi ba, to abin ya wuce inda ya zata. Kano zai tura ni a ɗauki hoton ƙirji, a yi wasu gwaje-gwaje. Kafin nan a raba mini ɗaki da yara.

Ina zaune ina kallon bawan Allah yana ta gini a kan ƙaryata, bulo bisa bulo, kuma ni za a sa a cikin ɗakin. Ya kai tsakiyar takardar na ce, "Likita, ajiye biron nan. Shida na sha."

Ya ɗago. "Shida me?"

"Shida cikin ashirin da ɗaya."

"Sauran fa?"

Na lissafa masa: gwiwa biyu, haƙori, ƙayar tarwaɗa, bakin zane, kaji. Na jira dariya ko faɗa, don na shirya wa kowanne amsa. Bai ba ni ko ɗaya ba. Ya jingina da kujera ya ce, "Kajin sun tashi?"

"Uku sun mutu, mun yanka sauran."

Ya gyaɗa kai kamar an ba shi rahoton maras lafiyarsa. Ya ce, "Mama, rabon maganin ban yi mamaki ba, kullum ana yi. Amma da kin bar ni na gama takardar nan, da na shiga neman cutar da ba ita ba, ta gaskiyar tana ci gaba da cin ki. Ni abin da aka gaya mini nake yi wa magani."

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini zafi kamar wannan ba, kuma ko murya bai ɗaga ba.

Duk da haka ya ce tarin da ya daɗe haka dole a gwada kaki. Aka ba ni 'yar roba na tofa, na koma bayan kwana biyu. Ba fuka ba ce. Ciwon farko ne da na taɓa shi na sake shi, ya farfaɗo da ƙarfinsa, hayaƙin banda kuma yana yi masa fifita. Ya rubuta wani maganin, ya ce in ɗan nisanci wuta, ya ƙara da cewa duk mai ciwo a unguwarmu ƙofarsa a buɗe take.

Da na dawo gida, ko hijabi ban cire ba na tarar da Gwaggo zaune a tabarmata, ta miƙe ƙafa, ta buɗe tafin hannu.

Ta ce, "Sannu da hanya. Nawa aka samo?"

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata. Sannan na ce, "Gwaggo, ba zan bayar ba."

"Babu ne?"

"Akwai. Ga shi nan a leda. Nawa ne, kuma ni zan shanye. In gwiwa ce, ki shirya jibi in kai ki ki ga likita da kanki."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ashe abin da ake koya muku ke nan a makarantar. A koya wa mace ta kalli uwarta ta ce akwai amma ba za ta ci ba." Ta dafa bango ta miƙe, na kai hannu zan taimaka ta kaɗe shi. Kafin magariba duk unguwa ta ji cewa boko ya shiga kaina ya fito da rowa.

A tsakar gida na riƙa shan maganin, ƙofa a buɗe, mai leƙe ya leƙa. Na shanye shi har ƙwayar ƙarshe, tarin ya yi ta ja da baya har ya tafi.

Gwaggo ba ta je asibitin ba. Har yau in na durƙusa na gaishe ta, sai ta dubi wanda ke kusa ta ce, "A gaya mata muna lafiya." In babu kowa, akuyarta take gaya wa. Ni kuwa in tashi in kaɗe zanena, ina da numfashin da zan dawo in sake gaishe ta gobe.