Igiyar Injiniya a Kantunan Kurfi

Muna sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da Goggo, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Kurfi muka nufa. Baffana magini ne, yana cikin masu gina sababbin kantuna a bakin kasuwar garin. Shi ya aiko wa Goggo ta zo ta zaɓi nata tun ba a rufa kwano ba, don ta gaji da baza atamfofinta a rumfar kara. Ni kuwa kwanon tuwon Baffa aka ɗora mini, tunda babu makaranta.

A tashar Dutsin-Ma Goggo ta ja da ɗan kamasho a kan sule guda, har direba ya ce ya yafe don a zauna lafiya. Na sami gefen taga. A bayana akwai wani dattijo da kwandon zabi, ɗaya daga cikinsu ta yi ta tsattsagar gyalena. An gama yankan gero, dammuna jingine a gonaki, ga duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera su. Inda ake ratsewa zuwa Tamawa muka tsaya, Goggo ta saya mana ƙosai mai zafi a ganye.

Da hantsi muka isa. Kantunan jere suke, na bulo da siminti, da ƙyamaren ƙarfe. An ce har gilashi za a sa musu a gaba, mutum ya ga kaya daga waje kamar a Kano. Amma abin da ya ɗauki idona yana bayansu: guntun wata tsohuwar ganuwa ta jar ƙasa, duk ramuka, da kuka ɗaya a gindinta. Baffa ya ce ba wanda ya san wanda ya gina ta. Da suke haƙa harsashin kantunan sun yi ta tono fasassun tukwane. Ya kuma rage murya ya ce kantin ƙarshe, wanda ke kallon titi, wanda Goggo ke so, bangonsa ya sha zubewa ba ruwa ba iska. Ranar ma sake haƙa shi ake yi.

Mai kula da aikin wani Bature ne, Injiniya suke ce masa. Daga Bulgariya ya zo, ƙasar da ko a taswirar ajinmu ban taɓa lura da ita ba. Yana jin Hausa, sai dai yakan mai da mace namiji. Lokacin cin abinci ya zauna da leburori a gindin ganuwar, ya sha fura da ludayi, yana shafa jar ƙasar da tafin hannu. Ya ce a garinsu ma akwai irinta, ta dutse, a kan tsauni, inda sarakunansu suka zauna ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kafin Turkawa su ci ƙasar. Har yau tana tsaye.

Baffa ya ce, “To mi ya riƙe ta, Injiniya? Ka ba mu maganin.”

Ya yi dariya. Ya ce kakansa magini ne, shi ya gaya masa cewa a da, in bango ya ƙi tsayuwa, magina kan jira wanda zai zo wurin, galibi macen da ta kawo abinci. Sai su auna inuwarta da igiya ba ta sani ba, su binne igiyar a harsashi. Bango ya tsaya. Ita kuwa ta yi ta ramewa har ta mutu.

“Tatsuniyar tsofaffi,” in ji shi.

Ba wanda ya taya shi dariyar. Ni na sunkuyar da kai, kwanon Baffa na kan cinyata.

Bayan la'asar Goggo na can tana duba ƙyamare, ni kuma na matsa bakin ramin kantin ƙarshe ina kallo. Magina sun kafa turaku biyu, sun ɗaura farar igiya a tsakani don bango ya miƙe. Rana tana bayana. Ban ankara ba sai na ji shebur ya daina ƙara. Na duba ƙasa. Turke ɗaya na daidai ƙafata, ɗayan na daidai kan inuwata, igiyar ta bi tsakiyarta tun daga sawu har ɗankwali, ba ragi ba ƙari. Tsuntsayen da ke kan kuka ma suka yi tsit.

Injiniya ya juyo. Jan fuskarsa ya koma fari fat. Ya daka tsawa da yarensu, ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu irin na Kiristoci, ya diro cikin ramin ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Ya dunƙule ta ya danƙa mini. Hannunsa sanyi ƙalau, da zafin ranar nan.

“Naka ne. Kai gida. Kar ka bari nan.”

Goggo ta iso a guje, zane a hannu. Da aka gaya mata abin da ya faru, sai ta tsaya a gabansa.

“Wallahi ba inda za mu sai ka tsallake ta.”

“Haba Yaya,” in ji Baffa, “Bature ne fa.”

“Bature ba ya maita? Da bakinshi ya ce gadon kakanshi ne. Ɗiyar mutane na ɗauko, haka zan mai da ita.”

Baffa ya yi masa bayani cewa a nan, in ana zargin mutum ya kama kurwar wani, tsallake shi yake yi don ya sake ta. Na ɗauka zai yi fushi. Cire takalmansa kawai ya yi. Aka shimfiɗa buhunan siminti, aka ce in kwanta, maza sun kewaye ni. Ya tsallake ni, ya dawo, ya sake, Goggo na ta jan addu'a.

Ina kwance, kumatuna a ƙasa, idona ya faɗa cikin ramin. A jikin turken da kan inuwata ya taɓa, na ga saura guntun igiya, bai fi tsawon taƙi ba, wuƙar ba ta kai wurin ƙullin ba. Wani lebura da bai san abin da ake ciki ba ya turo baro cike da kwaɓaɓɓen siminti. Na buɗe baki. Idanu sun yi mini yawa, murya ta ƙi fita. Ya juye simintin a kan guntun.

Goggo ta haƙura da kantin titi, ta zaɓi na tsakiya. A mota ba ta ja da kowa a kan kuɗi ba, ta riƙe hannuna har muka shigo Dutsin-Ma ana kiran magariba. Inna ta ƙulle igiyar a tsumma ta sa a ƙasan adaka, ta aika aka karɓo mini rubutu na sha. Daren nan na gaya mata zancen guntun. Ta ce rai a hannun Allah yake, amma na ji ta tana juyi a kan gado.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa mutum kan tsallako teku da ilminsa, tsoron gidansu na biye da shi. Ta kuma nuna mini akwai wurin da kunya ba ta da amfani, ko da maza sun cika fili.

Lafiyata lau, ina cin abinci, ina zuwa makaranta. Sai dai in mun yi layi da safe, nakan saci kallon kan inuwata. Jiya Baffa ya aiko da gaisuwa. Ya ce a gaya wa Goggo bangon kantin titi ya kai linta, daidai saman ƙofa, ko tsaga babu.